Yadda Ake Gwada Ko Furotin Ɗin Bairos Yana Shige-da-fice Tsakanin Cibiyar Ƙwayar Halitta Da Saitofilazim

Tambaya ɗaya ce ɗalibai masu bincike a fannin ƙwayoyin cuta suke ta maimaita mini: "Malam, na duba a madubin ƙara girma na ga furotin ɗina a cikin cibiya, to yaya zan san ko yana fita?" Wasu ma ba sa tambaya, sai dai ka ga sun rubuta a kundinsu cewa furotin kaza mazaunin cibiya ne, wato ɗakin da DNA yake a cikin ƙwaya, alhali hoto ɗaya tak suka dogara da shi.

Hoto ɗaya ba ya nuna tafiya. Abin da yake nunawa shi ne inda furotin ya fi daɗewa, ba inda yake zuwa ba. Ɗan dako da ka ɗauka hoto a bakin shago, ba ka san ko sawu nawa ya yi zuwa tasha tun safe ba. Idan kana son ka kama shi yana zirga-zirga, sai ka rufe ƙofa ɗaya ka ga inda zai maƙale. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan dabarar aka gina su.

Zan yi amfani da furotin Rev na ƙwayar HIV-1 a matsayin misali, domin an san shi ciki da bai, kuma shi ne ma'aunin da za ka gwada naka furotin da shi. Rev ƙarami ne, amino asid 116. Idan ka duba shi haka kawai, za ka same shi cunkushe a nukiliyolos, wato ɗigon nan mai kauri da ke cikin cibiya. Amma aikinsa shi ne ɗauko RNA ɗin bairos da ba a gama yankewa ba ya fitar da shi zuwa saitofilazim, wato sashen ƙwaya da ke kewaye da cibiya, sannan ya koma ya ɗauko wani. Ba a buƙatar bairos mai rai a wannan aiki ko kaɗan. Filasmid, wato ɗan zoben DNA, mai ɗauke da ƙwayar gado (gene) guda ɗaya ya wadatar.

Mataki na 1: Karanta jerin amino asid kafin ka sayi komai

Wannan matakin ba ya cin ko sisi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Abu biyu kake nema a jerin.

Na farko alamar shiga cibiya, wadda ake taƙaitawa NLS. Gungu ne na amino asid masu cajin fositif, wato K da R (kowane amino asid yana da harafin da ake rubuta shi da shi). Fitacciyar ita ce PKKKRKV ta babban furotin T na bairos SV40, wadda aka gano a 1984. A jikin Rev, alamar tana tsakanin lamba 35 zuwa 50, cike take da R, kuma wannan yankin dai shi ne yake kama RNA ɗin bairos a wurin da ake kira RRE. Rev yana maƙalewa kai tsaye da imfotin-beta, furotin da yake shigar da kaya cibiya, ba ya neman imfotin-alfa ya shiga tsakani kamar yadda alamar SV40 take yi.

Na biyu alamar fita, NES. Ita kuma jerin L ne da makamantansa, I, V, F da M, a warwatse da tazarar amino asid biyu ko uku. Ta Rev ita ce LPPLERLTL, daga lamba 75 zuwa 83. Furotin CRM1, wanda kuma ake kira XPO1, shi ne yake kama ta ya fice da ita ta ramukan bangon cibiya, tare da wani ƙaramin furotin, Ran, mai ɗauke da sinadarin GTP.

Akwai manhajoji kyauta a intanet, irin su cNLS Mapper da LocNES, da za su yi maka hasashe. Gargaɗi: manhajojin alamar fita suna yawan nuna abin da ba shi ba. Jerin L da yawa a binne suke a tsakiyar furotin, CRM1 ba ya taɓa ganinsu. Ɗauki hasashen a matsayin inda za ka fara tono, kada ka sa shi a sakamako.

Mataki na 2: Kaya da inda kuɗi yake tafiya

Kana buƙatar ƙwayoyin HeLa (ƙwayoyin mutum da ake renowa a ɗakin gwaji), da ruwan reno DMEM mai kashi 10 cikin ɗari na FBS (ruwan jinin ɗan tayin saniya), da inkubeta mai riƙe zafi 37 da iskar CO2 kashi 5, da faranti mai rami 24, da ƙananan gilasai masu faɗin milimita 12 da za su kwanta a gindin kowane rami. Sai sinadarin shigar da DNA, da sinadarin PFA na daskarar da ƙwayoyi, wato kafe su a yadda suke, da rinin DAPI ko Hoechst mai rina cibiya shuɗi, da madubi mai fitilar fuloresens da matatar kore da ta shuɗi. Magunguna uku ne jigon aikin: leftomaisin B, wanda za mu riƙa kira LMB, da aktinomaisin D, da saikuloheksimaid.

Ba sai kana da madubin konfokal ba. Madubin fuloresens na yau da kullum mai idon ƙara girma ninki 40 ko 60 ya isa ya raba cibiya da saitofilazim a ƙwayar HeLa, saboda shimfiɗaɗɗiya ce. Ina ganin ɗalibai da yawa suna jingine aikin wai sai sun samu konfokal, alhali abin da ya fi muhimmanci yana hannunsu.

Kuɗin yana tafiya ne a wuri uku: FBS, da LMB, da kuɗin aiko da kaya cikin sanyi, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin kayan kansa. Dukansu da dala ake biya, don haka ka nemi farashi a rubuce a ranar da za ka saya, kada ka dogara da na bara. LMB kaɗan ake sawa, kwalba ɗaya tana isar ɗalibai da dama, sai ku haɗa kuɗi. Wajen shigar da DNA, PEI ya fi Lipofectamine araha nesa ba kusa ba, kuma yana yi wa HeLa aiki daidai gwargwado. Filasmid kuwa, duba ma'ajiyar Addgene da ke Amurka. Jami'arka ce za ta sa hannu a takardar yarjejeniya kafin su aiko, kuma wannan takarda tana cin lokaci, ka fara ta da wuri.

Sai batun wuta, wanda duk mai aikin ƙwayoyi a ƙasashenmu ya san zafinsa. Inkubeta da firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili dole su kasance a kan inbata ko sola kafin ka narkar da ƙwaya ko ɗaya. Sanyi kansa yana rage fitar furotin daga cibiya. Ƙwayoyin da suka kwana a inkubetar da ta mutu za su ba ka hoto mai kyau amma na ƙarya.

Ka kuma samu amincewar kwamitin tsaron ɗakin gwaji na makarantarku. HeLa ƙwayar mutum ce, ana aikinta a matakin tsaro na 2, cikin kabad mai tace iska.

Mataki na 3: Haɗa filasmid huɗu, ba ɗaya ba

Za ka liƙa wa furotin ɗinka GFP, wani furotin mai ƙyalli, domin ya yi kore a ƙarƙashin fitila. Ga Rev, an saba liƙa shi a ƙarshen C, tare da ɗan gajeren mahaɗi na G da S don kada su takura wa juna. Idan furotin ɗinka sabo ne, yi nau'i biyu, ɗaya GFP a gaba ɗaya a baya. In suka zauna wuri daban-daban, GFP ya rufe wata alama, sai ka koma ga ƙaramar alama irin HA ko FLAG da ake ganowa da antibodi.

Filasmid huɗun su ne: GFP zalla, da furotin lafiyayye, da wanda aka ɓata wa alamar fita, da wanda aka ɓata wa alamar shiga. Ga Rev, gurgun da kowa ya sani shi ne M10, wanda ɗakin binciken Bryan Cullen ya bayyana a 1989: an canza L da E na lamba 78 da 79 zuwa D da L. M10 yana shiga cibiya, yana kama RNA, amma ba ya iya fita. A naka furotin, canza L biyu na ƙarshen alamar zuwa A, su ne CRM1 ya fi dogara da su.

Gargaɗi babba a nan shi ne girma. Nauyin GFP kilodalton 27 ne, kuma duk abin da bai kai kusan 40 ba yana iya silalewa ta ramukan cibiya da kansa, ba tare da wani ya ɗauke shi ba. Shi ya sa GFP zalla yake cika ƙwaya gaba ɗaya, ciki da waje. Idan guntun alama kawai kake gwadawa, ba cikakken furotin ba, liƙa shi a GFP biyu a jere ko a furotin GST haɗe da GFP, yadda zai yi wa ramin girma. In ba haka ba, za ka fitar da shi ta ƙofa ya dawo maka ta taga, kai kuma ka rubuta cewa alamar ba ta aiki.

Aika kowane filasmid a karanta jerinsa kafin ka ci gaba. Harafi ɗaya da ya zame a mahaɗi ya isa ya kashe koren gaba ɗaya.

Mataki na 4: Shuka da shigar da DNA

Rana ta farko, tsoma gilasai a etanol kashi 70, bar su su bushe a cikin kabad, sa ɗaya a kowane rami. Zuba ƙwayoyi kusan 50,000 a rabin mililita na ruwan reno. Bayan ka zuba, danna kowane gilashi da bakin fifet ya zauna, domin in ya yi iyo ƙwayoyin a ƙarƙashinsa za su manne. Kaɗa farantin gaba da baya, sannan hagu da dama; kada ka juya shi a da'ira, ƙwayoyin za su taru a tsakiya.

Kashegari so kake su rufe kashi 60 zuwa 70 na gilashin. Ga kowane rami, haɗa DNA maikirogiram 0.25 zuwa 0.5 da PEI ninki uku na nauyinsa a cikin DMEM marar FBS, bar su minti 15, sannan ka ɗiga a hankali. Bayan awa 4 zuwa 6 canza ruwa. Jira awa 18 zuwa 24.

Kada kwaɗayin haske ya sa ka ƙara DNA. CRM1 na cikin ƙwaya yana da iyaka. In furotin ya yi yawa, hanyar fita za ta cushe, ya taru a cibiya ko ya dunƙule a saitofilazim, kuma babu ɗayan biyun da yake faruwa a ainihin kamuwa da cuta.

Idan HEK293T kake da ita maimakon HeLa, shafe gilasai da foli-L-laisin tukuna, domin tana saurin ɓallewa wajen wanki. Saitofilazim ɗinta kuma siriri ne, ƙidaya za ta fi wahala.

Mataki na 5: Rufe ƙofar

Nan ne zuciyar aikin, kuma hanyar ta rabu biyu dangane da inda ka samu furotin ɗin tun farko.

Idan a saitofilazim yake zaune, aikin mai sauƙi ne. Sa LMB ka jira awa 1 zuwa 3. LMB, wanda aka samo daga bakteriyar Streptomyces, yana manne wa amino asid sistin mai lamba 528 a jikin CRM1 na mutum, mannewar da ba ta saki. Idan furotin ɗin yana shiga cibiya yana fita ta hannun CRM1, yanzu zai shiga ya rasa mafita, koren ya koma cibiya a gaban idonka.

Ga lissafin. Yawanci ana sa nanogiram 5 zuwa 10 a kowace mililita. Wasu kamfanoni suna sayar da shi a narke cikin metanol kashi 70, maikirogiram 5 a mililita. Daga irin wannan kwalba, maikirolita 1 a cikin rami mai maikirolita 500 zai ba ka nanogiram 10 a mililita daidai. Kada ka ɗiga shi kai tsaye a kan ƙwayoyi. Ɗebo ruwan ramin a ƙaramin bututu, gauraya maganin a ciki, mayar. A wani ramin daban sa maikirolita 1 na metanol ɗin zalla, don ka nuna ba giyar ce ta yi aikin ba.

Gargaɗi: LMB ba ya jure bushewa, kuma ba ya zama lafiya a DMSO. Kada ka bar kwalbar a buɗe, kada ka busar da shi don ka sake narkarwa. Ɗora ta a kan ƙanƙara, ɗebi, rufe, mayar firiza nan take. Da yawan masu cewa furotin ɗinsu ba ya bin CRM1, maganinsu ne ya mutu tun a hanya. Shi ya sa Rev zai kasance a kowane faranti: in LMB bai hana Rev fita ba, ka watsar da sakamakon ranar.

Idan kuma a cibiya furotin yake zaune, kamar Rev, LMB shi kaɗai ba zai nuna maka komai ba. Abin da yake ciki ya ci gaba da zama ciki, ina bambancin? Dole ka fara tura shi waje. Ga Rev, aktinomaisin D ne yake yin wannan: maikirogiram 5 a mililita na awa 2 zuwa 3. Yana tsayar da kwafar RNA, nukiliyolos ya saki Rev, komawarsa ciki ta ragu, fitarsa ta ci gaba, sai ya taru a saitofilazim.

Jera ramukanka haka. Ɗaya babu magani. Ɗaya aktinomaisin D. Ɗaya LMB kaɗai. Ɗaya kuma LMB ya riga da minti 30, sannan aktinomaisin D ya biyo baya. A duka huɗun sa saikuloheksimaid, maikirogiram 50 a mililita, minti 30 kafin komai. Dalilinsa a bayyane yake: a saitofilazim ake ƙera furotin, don haka in ba ka tsayar da ƙira ba, koren da ka gani a waje yana iya zama sabo ne da bai taɓa shiga cibiya ba. Wannan kuskure shi ne na fi gani a rahotanni, kuma shi kaɗai ya isa ya rushe hujjar.

Abin da ya kamata ka gani: Rev lafiyayye ya fita da aktinomaisin D, ya ƙi fita idan LMB ya riga, M10 kuma ya zauna a cibiya a kowane hali. Kada ka zaci aktinomaisin D zai yi wa kowane furotin haka. Dabara ce da ta dace da Rev. In bai motsa naka ba, wuce zuwa mataki na 8.

Magungunan nan uku guba ne. Safar hannu, rigar aiki, da kwandon shara na musamman. Aktinomaisin D da saikuloheksimaid suna cutar da ɗan tayi, don haka mai juna biyu ta bar wa wani awon garinsu. Aktinomaisin D ba ya son haske, naɗe bututunsa da takardar alminiyam.

Mataki na 6: Daskarwa da rini

Yi sauri a nan. Tsotse ruwan, wanke sau ɗaya da ruwan gishirin wanki na PBS mai ɗumi, zuba PFA kashi 4 na minti 10 zuwa 15. Wanke sau uku. Sa Triton X-100 kashi 0.1 na minti 5, sannan DAPI na minti 5, wanke, kifa gilashin a kan ɗigon ruwan manna gilashi (mounting medium), ƙwayoyi suna kallon ƙasa. Rufe gefen da jan farce marar launi. Ajiye a duhu cikin firij.

Kada ka daskarar da metanol mai sanyi in GFP kake dubawa. Yana dishe hasken, kuma yana wanke ƙananan furotin da ke yawo a saitofilazim. Kada kuma ka fito da faranti ka bar shi a kan benci kana neman fifet. Shirya komai tukuna.

In ka ga ƙananan ɗigo shuɗi sun barbazu a wajen cibiya, a kan jikin ƙwaya, mai yiwuwa bakteriyar maikofilazma ce ta kama ƙwayoyinka. Zubar da su ka narkar da sababbi.

Mataki na 7: Ƙidaya

Hoto mai kyau guda ɗaya ado ne, ƙidaya ce hujja. A kowane gilashi ƙirga aƙalla ƙwaya 100 masu kore, ka kasa su uku: waɗanda cibiya ta fi haske, waɗanda ciki da waje suka yi daidai, da waɗanda saitofilazim ya fi. Maimaita gwajin gaba ɗaya sau uku a ranaku daban, da shuka daban. Ramuka uku a faranti ɗaya ba maimaici uku ba ne.

Tsallake ƙwayoyin da suka fi kowa haske, da masu rabuwa, domin a lokacin rabuwa bangon cibiya a rushe yake, da waɗanda suka dunƙule ko cibiyarsu ta farfashe. Nemi masu matsakaicin haske, shimfiɗaɗɗu.

Ba wa abokin aikinka gilasan ya rufe sunayen da lambobi kafin ka zauna a madubi. Ido yana ganin abin da zuciya take so, kuma rukunin tsakiya nan ne son rai yake shiga. Ɗauki dukan hotuna da tsawon buɗe kyamara iri ɗaya. In kana son lamba maimakon rukuni, manhajar Fiji kyauta ce: zana da'ira a cibiya, wata a saitofilazim, wata a fili marar ƙwaya, cire hasken filin daga biyun, sannan ka raba na cibiya da na waje. Ga furotin irin Rev, ka yanke shawara tun farko ko da'irar za ta haɗa da nukiliyolos ko za ta kauce masa, ka kuma tsaya a kai har ƙarshe.

Mataki na 8: Gwajin haɗa ƙwayar mutum da ta ɓera

Wannan shi ne hukunci na ƙarshe ga furotin mazaunin cibiya, kuma da irinsa ne Barbara Meyer da Michael Malim suka nuna zirga-zirgar Rev a 1994. Za ka narkar da bangon ƙwayoyi biyu su zama ɗaya mai cibiya biyu, ta mutum mai ɗauke da furotin da ta ɓera wadda ba ta da shi. Idan kore ya bayyana a cibiyar ɓera, ba shi da hanya sai ta fita daga ta mutum ya ratsa saitofilazim.

Bayan HeLa ta yi kwana ɗaya da DNA, zuba ƙwayoyin ɓera na NIH 3T3 a kanta, adadi kusan ɗaya, ka ba su awa 3 zuwa 4 su manne. Sa saikuloheksimaid, maikirogiram 50 zuwa 100 a mililita, minti 30. Wanke da PBS, tsotse sosai. Zuba PEG, sinadarin da zai haɗe ƙwayoyin, kashi 50 mai ɗumin digiri 37, ka ƙirga minti 2 da agogo a hannu. Tsotse, wanke aƙalla sau uku a hankali, domin PEG yana da danƙo kuma ragowarsa tana kashe ƙwaya. Mayar da ruwan reno mai saikuloheksimaid na awa 1 zuwa 3, sannan ka daskarar.

Minti biyun nan ba wasa ba ne. In ka gaza, ba su haɗe ba. In ka zarce, za ka tarar da gilashi fayau ko dunƙulen cibiyoyi da ba a iya karantawa. Yi gwaji da ƙwayoyin da ba ka sa wa DNA ba har hannunka ya faɗa.

Da rinin Hoechst za ka bambanta su: cibiyar ɓera tana da ɗigo-ɗigo masu tsananin haske, ta mutum kuwa sumul take. Ƙara rinin faloyidin mai ja ya nuna maka iyakar ƙwaya, don ka tabbata cibiyoyin biyu a gida ɗaya suke, ba maƙwabta ba ne da suka jingina da juna.

Shaidu biyu dole ne. Furotin hnRNP A1 yana zirga-zirga, hnRNP C kuma ba ya barin cibiya, kamar yadda Piñol-Roma da Dreyfuss suka nuna a 1992. In ka ga hnRNP C a cibiyar ɓera, ko dai saikuloheksimaid bai yi aiki ba ko PEG ya yaga cibiyoyin. Sake daga farko. Ƙara gilashi ɗaya mai LMB, shi zai gaya maka ko ta hannun CRM1 tafiyar take.

Mataki na 9: Raba ƙwaya a bututu

Masu duba kundi sukan nemi a tabbatar da hoto da gwajin westan bulot, wato raba furotin a jel a gano shi da antibodi. Fasa ƙwayoyi a ruwa marar gishiri sosai da ɗan NP-40, juya a na'ura a hankali, cibiyoyi su kwanta, saitofilazim ya tsaya a sama. Gwada kowane kashi da lamin B1 ko histon H3 a matsayin shaidar cibiya, da tubulin ko GAPDH a matsayin shaidar waje. Komai a kan ƙanƙara, kuma cikin hanzari, saboda ƙananan furotin suna zubowa daga cibiya da zarar an fasa ƙwaya. In sakamakon bututu ya saɓa wa na madubi, ni na fi amincewa da madubi. Kada ka yi mamaki in Rev ya fito a wajen kilodalton 18 ko 19 a jel alhali lissafinsa kusan 13 ne. Haka yake gudu.

Mataki na 10: Abin da za ka iya rubutawa

Idan LMB ya tsare furotin a cibiya, kuma ɓata alamar fita ya yi daidai da hakan, kana da damar cewa yana fita ta CRM1 da wannan alamar. Idan LMB ya tsare shi amma ɓata alamar bai canza komai ba, ko akwai wata alama ta biyu, ko kuma yana hawa bayan wani furotin ne mai tasa alamar. Kada ka wuce awa 3 zuwa 4 da LMB sannan ka yi wannan iƙirari, domin bayan dogon lokaci ɗaruruwan furotin na ƙwayar kanta sun maƙale, kuma ba ka san wanne ne ya ja naka ba. In kana da hali, maimaita da selinekso, maganin sankarar ɓargo da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2019, wanda yake kama sistin 528 ɗin nan dai amma da sinadari daban.

Idan gwajin ɓera ya nuna zirga-zirga amma LMB bai hana ba, alhali ya hana Rev a faranti ɗaya, wannan sakamako ne na gaske, ba gazawa ba. Rex na HTLV-1 da NEP na bairos ɗin mura suna bin CRM1 kamar Rev, amma ICP27 na bairos ɗin hafis yana jingina da NXF1, hanyar da RNA ɗin ƙwayar kanta yake bi wajen fita. Ga irin wannan furotin, gwaji na gaba shi ne rage NXF1 da siRNA, guntun RNA mai hana ƙera furotin da aka zaɓa, sannan ka sake mataki na 8 da shaidunsa duka.